Man da Ya Koma Jakar Monper

Kai Barnaba, kai ka kori Monper, limamin mishon ɗinmu, daga ƙofar gidanku, uwarka na kwance tana jan numfashi. Ina tsaye, ba labari aka ba ni ba.

Ni ce Kande, katanga ɗaya ta raba ni da su. Ni da Nana Sesil, uwar yaron nan, tun muna da ƙarfin ɗauko kwandon kifi daga bakin kogi muke tare. Tare muke suya, tare muke ibada a mishon ɗin Katolika. Ba ta iya karatu ba, ban iya ba. Abin da Monper ya faɗa, shi muka riƙe.

Sai Barnaba ya tsallaka kogi zuwa garin Malanbil neman aiki, ya dawo da mata, Salima, da littafi a hammata, wai ya zama Furotesta. Da ciwo ya kwantar da Nana, Salima ta shimfiɗa tabarma gefen gado, a gurbina. Ita ce ba da kunu, ita ce matsa ƙafa. In na shiga sai ta ce, "Inna Kande, Mama ta yi barci." Mama! Yarinyar da ko zanen aurenta bai koɗe ba.

Wata rana na samu Nana ita kaɗai. Ta ja hannuna ta ce, "Kande, in kin ga na yi nisa, a kira Monper ya shafa mini mai mai tsarki kafin in cika."

Da na ga ta yi nisa, na aika. Ya zo kan moto, ɗan babur ɗinsa, da rana tsaka, gumi har wuyan riga. Barnaba ya tare zaure, idonsa jajir.

"Ba mai ke ceto ba, Yesu ne. Littafin Allah ya isa. Paparoma mutum ne, yana kuskure kamar kowa."

Monper ya ce a hankali, "Ɗana, in kowa ya karanta ya yanke wa kansa, ranar da ya kauce wa zai gaya masa? Don haka aka bar mana majami'a."

"Ruhu Mai Tsarki zai nuna masa."

Na ce, "Kai, marar kunya! Ni da uwarka wane baƙi muka sani? In ka buɗe mana littafin, tururuwa za mu gani. A bayan tasha kaɗai majami'unku uku, littafi ɗaya, ba sa ko gaisawa. Wacce Ruhun ya nuna wa?"

"Inna, ki koma gida. Maganar dangi ce."

Dangi! Ni da na yanke masa cibiya.

Monper bai ja da shi ba. Ya yi addu'a a tsaye bakin titi, ya mayar da 'yar kwalbar mai cikin jaka, ya tayar da moto.

Bayan la'asar Nana ta cika. Ta katanga na ji kuka. Salima na gaya wa masu gaisuwa wai Mama ta tafi tana riƙe da hannunta, tana bin waƙarsu. Wataƙila gaskiya ne, abin da ke cin raina ke nan. Hannun dai ba nawa ba ne.

Jiya Salima ta miƙo mini carbin Nana cikin kwanon miya, wai su ba sa aiki da shi. Ga shi kan tabarmata, 'ya'yan sun sha hannu har sun yi sumul. Ban taɓa shi ba.

Barnaba, ka fito gaban unguwa ka ba ni amsa. Da uwarka ta ji ƙarar moto yana tafiya, me ta ce? Ta kira sunana ko ba ta kira ba?