Gonar Bakin Gagare

"Kama ni nan, Labbo, ƙarƙashin hammata. Ba ni hwashewa, ɗaga ni."

Na ɗaga shi. Malam Na'Allah, maƙwabcina na shekara talatin da wani abu, mutumin da na sha gani ya saɓa damin dawa biyu shi kaɗai, ranar nan bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. 'Yarsa Ummusalma ta riƙe ƙafafun, muka fito da shi daga ɗaki zuwa zaure. A ƙofar gida amalanken shanun da ya sa na aro na jira, an shimfiɗa tabarma a ciki. Hantsi ne, ƙasa da danshi saboda ruwan da aka yi da asuba. So yake a kai shi gonarsa ta bakin gulbin Gagare, ya damƙa wa Ummusalma ita a gaban jama'a.

A bakin zaure muka ci karo da Armiya'u, babban ɗansa, ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa.

"Ina za ku da shi?"

"Gona yac ce a kai shi," in ji ni.

"Baba Labbo, kai ma? Mutum kwana ashirin ko kunu ba shi zama cikinai, ku aza shi bisa amalanke? In yam mutu kan hanya wa za a tambaya?"

"Kauce mani," in ji tsohon. Muryar ta fito siririya, har ni da nake rungume da shi sai da na kasa kunne.

Armiya'u bai kauce ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ajiye fartanya, ya karɓi ubansa daga hannuna kamar mai karɓar jinjiri, ya mayar da shi ɗaki. Ummusalma ta bi su da ido. Ni kuwa na fita na sallami mai amalanke, ina ta zare ido kamar wanda ya yi wani abin kirki.

Bari in koma baya kaɗan, don a gane abin da ya tayar da tsohon daga shimfiɗa.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu Zamfara, mijin Ummusalma ya rasu a Gurbin Ɓore. Ta dawo Kaura gidan ubanta da 'ya'ya huɗu, ba akuya, ba kaza. Wata rana bayan la'asar Malam Na'Allah ya kira ni da Nasidi mahauci, ya zaunar da mu a zaure, ya sa aka kira ta.

"Ku shaida," ya ce, "gonata ta bakin Gagare na ba ɗiyata Ummusalma, ita da marayunta. Kyauta, don Allah."

Muka ce mun shaida. Ta durƙusa tana godiya har da hawaye. Ya ce ta tashi, kuma muddin yana numfashi macen gidansa ba za ta riƙe fartanya ba, shi zai noma mata. Haka kuwa ya yi, damina huɗu. Shi ne shuka, shi ne noma, shi ne girbi. Dawar ya zuba a rumbunsa, kullum safe ya auna mata.

A kakar farko ya so ya gina mata rumbunta daban. Har ya kwaɓa ƙasa. Ni ne na leƙo ta katanga na hana shi. Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, na yi shekaru ina ba jirgi hannu, shi ya sa nake ganin babu abin da ban iya shiryawa ba.

"Malam," na ce, "rumbu biyu gida guda? Samarin ga za su ce ka raba gida tun kana da rai. Bar shi haka, a zamna lahiya."

Ya ce na yi gaskiya. Da ƙasar aka yaɓe ɗakin awaki.

Da Shari'a ta zo, ko'ina maganarta ake yi, a tasha, a mahauta, a rediyo. Malam Na'Allah na cikin waɗanda suka je Gusau ranar ƙaddamarwa a bayan motar hatsi, ya dawo muryarsa ta dushe don kabbara. Bayan 'yan watanni ciwon ciki ya kwantar da shi. Yana kwance da rediyo a gefen kai ya ji wani malami na amsa tambayoyi, yana cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta ta fita daga hannun mai bayarwa. Idan mai kyauta ya mutu tana hannunsa, ta koma gado. Washegari ya sa na nemo amalanke.

Bayan Armiya'u ya mayar da shi ɗaki, kwana shida ya ƙara. Ummusalma ce ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ɗiga masa ruwa da cokali. 'Ya'yansa maza huɗu kan shigo su gaishe shi su fita. Ba zan yi musu ƙarya ba, suna zuwa, kuma sun sayi magani. Sai dai tun daga ranar amalanke ba a ƙara barin mu ni da Malam mu biyu a ɗakin ba. Da na zauna sai wani ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana sakace.

Ranar Laraba da azahar ya kama hannuna. Muhtari, autan mazan, mai kabu-kabu a Kasuwar Daji, shi ne a bakin ƙofa.

"Labbo, ka ji abin da nic ce ranar nan zaure."

"Na ji, Malam."

"Muhtari, kai ma ka ji yanzu. Gonar ga ta Ummu ta. Ku bar mata."

"To, Baba," in ji Muhtari, yana kallon ƙasa.

Kafin la'asar ya cika. Ummusalma ta shafa masa ido, ta ɗaure masa haɓa da gefen mayafinta, sannan ta fita tsakar gida ta zauna kusa da turmi. Ba ta yi kururuwa ba. Ni na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba magana ta tashi. Armiya'u ya same ni a ƙofar gidana.

"Baba Labbo, tun ina shekara tara nike noman gonar ga. Bayana nan yat tanƙware. Ɗiyana sha ɗaya. Ita ɗai ta gonar da ba ta rasa ruwa, sauran duk jigawa ta. Ba ni cin haƙƙin kowa, amma in Shari'a tac ce gado ta, gado ta."

Ba ƙarya ya yi ba.

Dattawan unguwa suka zauna sau biyu, aka tashi baram-baram. Sai kotu. Ana gobe za a shiga, Nasidi mahauci ya zo ya raɗa mini cewa mu ce Ummusalma ce ke ɗaukar 'yan ƙwadago a gonar, ubanta duba mata kawai yake yi. Wa zai ƙaryata dattawa biyu? Na juya maganar a raina har na ga ta zauna. Da yamma na aika aka kira Ummusalma, na gaya mata daga bayan katanga.

"Baba," ta ce, "kar ku ɗauki wuta sabili da ni. Ku hwaɗi abin da kunka gani."

Na so a ce ta roƙe ni. Wallahi na so.

Alƙalin ba tsoho ba ne, kuma ba shi da faɗa. Ya saurare ni har na gama labarin zaure, yana gyaɗa kai. Na fara jin sanyi a raina.

"Mun ji an yi kyauta," ya ce. "Bayan kyautar, wa ya noma gonar?"

"Marigayin."

"Amfanin fa, ina aka zuba?"

"Rumbunai. Amma don ita ya..."

"Tana da rumbu nata daban? Ko wakili da ta naɗa? Ko sau ɗaya ta taɓa sa a yi mata shuka da sunanta?"

Na dubi inda mata suke zaune. Ta rufe fuska da hijabi, hannunta ɗaya a kan 'yarta ƙarama.

"A'a, ranka shi daɗe."

Ya ajiye alƙalami. Ya ce abin da malamai ke kira hauzi, wato karɓar kyauta a hannu, bai samu ba. Da yarinya ce ƙarama, riƙon uba riƙonta ne, amma wannan babba ce, ta yi aure ta haihu. Na yi wuf na kawo zancen amalanke, da abin da ya faɗa ranar Laraba. Ya ce ko da an kai shi gonar ranar nan, an makara, domin abin da mutum ya bayar a ciwon ajali wasiyya ce, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya sai in sauran magada sun yarda.

Sannan ya juya ga mazan, ya sassauta murya.

"Shari'a ta ba ku. Amma kun ji nufin mahaifinku. Wanda ya bar mata nasa kason, Allah ba zai bar shi ba. Akwai mai bari?"

Muhtari ya motsa baki, ya dubi Armiya'u, ya dubi sauran biyun, sai ya shiga gyara maɓallin rigarsa. Alƙali ya jira fiye da yadda ya zama dole ya jira. Daga nan ya ɗauki alƙalaminsa.

Bayan girbi aka je da igiya aka raba. Magada maza huɗu, mata uku har da Ummusalma, mace na da rabin namiji. Da aka gama ja da turke, abin da ya faɗo wa Ummusalma a bakin Gagare wani siririn tsiri ne, kunya goma sha biyu, tsakanin kason Armiya'u da na Muhtari. Rumbun ma aka raba abin da ke ciki da kwano. Gidan ya faɗa wa maza, aka ce ta zauna a ɗakinta har ta ga dama, irin faɗar da kowa ya san ma'anarta.

Wata biyu ta yi. Ranar kasuwar Kaura ta ɗaure tabarmi da tukwane, za ta koma Gurbin Ɓore wajen dangin uban yaranta, waɗanda su ma da ƙyar suke ci. Ta shigo gidana sallama, ta durƙusa kamar kullum.

"Baba, a yahe mani in na yi ba daidai ba."

Na buɗe baki in gaya mata ni na hana gina rumbun nan. Har yau ba ta sani ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Allah ya kiyaye hanya.

Ba ta ba kowa aron tsirin nata ba, ba wanda ya nema kuma. Damina uku ke nan. Jiya na bi ta bakin gulbi zan je gaisuwar mutuwa. Dawar Armiya'u ta fi mutum tsawo, ta Muhtari ma haka. A tsakaninsu ciyawa ce har gwiwa, wani ya ɗaure tunkiyarsa a ciki tana kiwo. Na tsaya na ƙirga kunyoyin da sandata. Cikin goma sha biyun nan, saura tara.