Indararon Ƙofar Liya

Damina a Fagge ba ta zuwa da sallama. Mutum ya yi wata da watanni yana shan zafi yana roƙon Allah ruwa, ranar da ruwan zai zo kuma sai ya zo kamar da faɗa. Lungu ya koma rafi, ashana ta ƙi kamawa, itace ya jiƙe ya riƙa hayaƙi yana sa mata hawaye. Gishiri ya narke a ƙoƙo, kaji su shige ɗakin mutane, a yi ta kora suna dawowa. Wadda ta yi wanki kuwa ta shiga uku, tana kai shanya tana kwashewa har kayan su fara wari.

Liya ta iya da duk wannan. Indararon da ke saman ƙofarta ne kawai ya fi ƙarfinta.

Ita da mijinta Istifanus daga kudancin Zariya suka zo, a shekarar da ya samu aikin gyaran taragu a reluwe. Sun so zama a Sabon Gari kusa da coci, aka ce babu ɗaki, sai wani ya haɗa su da Inna Gumsu, tsohuwa 'yar asalin Barno da ke zaune ita kaɗai a Fagge tun rasuwar mijinta. Gidan soro ne na ƙasa, ɗaki biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, nata da nasu. Tsohuwar ba ta ji sosai, ga faɗa, amma tunda aka haifi Biriskila ta ɗauki yarinyar kamar jikarta. Ita ke goyo, ita ke rarrashi, har Liya takan ce da wasa ita dai nono ne nata.

To, wanda ya gina gidan nan, Allah Ya ji ƙansa, ya rasa inda zai ɗora indararo sai daidai ƙofar ɗakin haya. Ko yayyafi aka yi sai ya tsiyayo. Ruwa mai ƙarfi kuwa, shiga ɗakin sai mutum ya ratsa ta ƙarƙashinsa. Ya haƙa rami a bakin ƙofa, yana fantsama taɓo har kan tabarma. Rannan ya watsa mata jar ƙasa a tukunyar miya tana gab da saukewa, ta zauna ta yi kuka don takaici.

“Baban Biriskila,” ta ce da mijinta, “ni fa na gaji. Ko a yi wa abin nan magani ko in koma wurin iyayena har rani.”

Istifanus mutum ne mai hannu, kuma ya san da haka, abin da ya cuce shi ke nan. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Inna Gumsu ta tafi suna, ya aro tsani a maƙwabta ya hau. Ya leƙa, ya ga akwai wani indararon ta bayan gida, ya ce ai wancan ya isa. Ya cusa tsumman buhu a bakin na gaba, ya danna da sanda, ya liƙe da kwaltar da ya zo da ita daga wurin aiki. Ya sauko yana kaɗe hannu. Liya ta ƙara masa nama a miya ranar.

Ban ga laifinsu sosai ba. A ɗakin ciyawa suka tashi, mai tsini, inda ruwa yake sauka ya zame abinsa ba tare da kowa ya nuna masa hanya ba. Mu da aka haifa a ƙarƙashin azara mun san rufin soro a shimfiɗe yake, da ɗan bango kewaye da shi, kuma maginin yakan karkatar da shi ne zuwa indararo guda. Na bayan gidan Inna Gumsu a tudu yake, sai ruwa ya kusa cika rufin kafin ya kai gare shi. Ƙasa ce a kan itace, ba wani abu ba. In ruwa ya kwanta a kanta ya jiƙa ta, ba ta yin shawara da na ƙasa.

Sai aka yi kwanaki ba ruwa, ba wanda ya ɗaga kai ya duba.

Ranar da abin zai faru, Liya ta bar Biriskila wurin tsohuwar bayan azahar ta tafi kasuwar Sabon Gari cefane. Gari ya yi tsit da zafi, irin wanda ko kuda ba ya son tashi. Tana rumfar Huseina mai kayan miya, ƙawarta, sai iska ta juyo da sanyi. Suka ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har sama.

“Wannan ba na wasa ba ne,” in ji Huseina, tana jan buhu tana rufe tattasai. “Gara da na sa maigidanmu ya hau ya share indararo da safe. Tsuntsaye sun cika mana shi da ciyawa.”

Liya ta yi dariya. “Mu dai mun huta da namu. Maigidana ya toshe shi.”

“Ya me?”

“Ya toshe shi. Da buhu da kwalta. Ko ɗigo ba zai ƙara sauko mini ba.”

Huseina ta saki bakin buhun. “Maman Biriskila, soro? Kun toshe indararon soro? Inna Gumsu ta sani?”

“Ai akwai na baya.”

“Na baya! Innalillahi. Ruwan ina zai bi? Kwanciya zai yi a kanku har azara ta karye. Ina yarinyar?”

Liya ta juya ta dubi hanyar Fagge. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfar kamar an jefa tsakuwa.

“Bar kwandon!” Huseina ta daka mata tsawa. “Ki gudu!”

Kafin ta fita daga kasuwa ruwan ya ɓarke. Mutane na rububin shiga rumfuna, ita kaɗai ke neman hanyar waje, ana ture ta tana ture mutane. Wajen kantin Bata titi ya riga ya ɓace, sai jan ruwa ɗauke da bawon rake da tsummoki. Wata lori ta mutu a tsakiya, direba na zagin yaransa. Wani mai keke ya yi mata ihu ta tsaya a baranda, ba ta ko waiwaya ba. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta cire ɗayan ta jefar.

Ba ta ganin gabanta sosai. Ruwa na dukan fuskarta, zani ya liƙe mata a cinya yana harɗe ta. A mashigar Fagge, inda kududdufi yake, ruwan ya tumbatsa ya haɗe da hanya, ba a gane inda ƙasa ta ƙare inda rami ya fara. Ta san an sha rasa mutane a nan. Ta dafa bangon wani gida ta bi gefensa a hankali, ruwa har gwiwa, bangon yana narkewa a tafin hannunta. Bakinta yana ta motsi, “Ya Yesu, ka riƙe rufin nan, ka riƙe shi,” ba ta ma san tana faɗa ba.

A lungunsu kowane gida indararonsa na aman ruwa da ƙarfi, hagu da dama. Ta tura ƙofar zaure ta faɗa tsakar gida, ta ɗaga kai. Nasu a bushe yake. Duk duniya na zuba, shi ko ɗigo babu. Tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin abin da ya tsorata ta kamar wannan busasshen baki ba.

Ƙofar Inna Gumsu a rufe take. Haka tsohuwar take yi kullum in hadari ya taso: tsoron aradu gare ta, sai ta kife madubi, ta lulluɓe kwanonin samira da zani kada su ja walƙiya, ta saka wa ƙofa sakata ta zauna tana jan carbi har a ɗauke. Liya ta buga da hannu biyu.

“Inna! Inna, ki buɗe! Ku fito!”

Tsawa ta amsa mata. Ta buga da ƙafa, ta buga da kafaɗa. Wadda ba ta jin magana a ranar da gari yake shiru, ina za ta ji yau? Ta kara kunne a jikin ƙyauren, ta jiyo kukan Biriskila can ciki, siriri. Ta ja da baya ta dubi bangon. Daga sama ya yi duhu da jiƙa, wata 'yar tsaga ta fito a kusurwa tana zubar da jan ruwa.

Tsanin na nan a bayan madafa, Istifanus bai mayar ba. Ta jawo shi, ita da ba ta taɓa hawa tsani ba, ta jingina kusa da indararon. Ƙafafunsa suka nutse a taɓo. Ta hau tana zamewa, tana riƙe da itacen da ya yi santsi, har kanta ya wuce ɗan bangon.

Tafki ta gani. Rufin gaba ɗaya ya cika, ruwan sama na rawa a kansa, tsakiya kuma ya fi zurfi, alamar ya fara lotsawa. 'Yarta na ƙarƙashin wannan.

Ta zura hannu har gwiwar hannu tana lalube. Ta taɓo kwaltar, ta sandare kamar dutse. Ta kankara da farce, farcen ya karye, ba ta ji zafi ba. Ta samu bakin buhun ta ja, ya ƙi. Ta tsine wa ƙwazon mijinta a ranta, ta tsine wa bakinta da ya dame shi. Ta naɗe tsumman a yatsunta, ta dogara ƙirjinta a bangon da ke ɓarɓashewa, ta ja da duk nauyinta.

Ya fito gaba ɗaya. Ruwan ya yi wata irin ƙara ya bi indararon, tsanin ya goce, ta faɗo a bayanta cikin taɓo, tsanin kuma ya daki ƙyauren tsohuwar da ƙarfi.

Wannan kam tsohuwar ta ji. Sakata ta motsa, Inna Gumsu ta leƙo da carbi a hannu. “Wane mara kunya ne zai karya mini ƙofa? Liyatu? Me kike yi a ƙasa?”

Liya ta rarrafa ta wuce ta. Cikin ɗakin duhu, ƙasa duk ƙore da tasoshi an jera suna tarar yoyo. “Yau yoyon nan ya ba ni mamaki,” tsohuwar ke cewa a bayanta, “na rasa abin tara.” Wani ɓarɓashin ƙasa ya faɗo wa Liya a wuya. A sama wani abu ya yi ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ta suri yarinyar daga tabarma, ta damƙi hannun tsohuwar, ta ja su waje har gindin bangon zaure.

Suka tsaya a cikin ruwa. Ba abin da ya faru. Indararon na ta zuba, ɗakin na tsaye.

“Kin haukace ne?” Inna Gumsu ta fizge hannunta. “Jaririya a cikin ruwa! Mura kike so ta kashe ta? Sake ni in ɗauko bargo.”

“Inna, don Allah kada ki koma.”

“Ɗakina ne ko naki?”

“Mun toshe indararon, Inna!” Liya ta kwarma a kunnenta. “Tun ran Lahadi! Yanzu na buɗe!”

Tsohuwar ta dube ta, ta ɗaga kai ta dubi ruwan da ke fitowa ja wur, mai kauri da ƙasar rufinta. A lokacin ne ɗakin ya yi wani sauti kamar tarin tsoho, rufin ya zauna ciki. Iska mai warin ƙasa ta fito ta ƙofa ta buge su, taɓo ya biyo ta har ƙafafunsu.

Liya ta durƙusa, ta ƙanƙame yarinyar har ta ƙara tsananta kuka. Inna Gumsu ta yi ta salati. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya cika.

Gab da magariba ruwan ya tsagaita, Istifanus ya shigo da buhu a ka. Maƙwabta sun cika tsakar gida, suka buɗa masa hanya ba wanda ya yi masa sannu. Ya ga sama ta cikin ƙofar ɗakin, ya ga matarsa a zaune duk taɓo, da yarinyar a ƙirji.

Kowa ya zaci tsohuwar za ta tara masa jama'ar Fagge da zagi. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam Istifanus,” ta ce, “kai ne mai ƙarfi. Shiga ka ɗaga mini waccan azarar.”

Ya shiga, taɓo har ƙauri. Ya kama itacen, ya yi nishi, ya ɗaga ya jefar gefe. A ƙarƙashinsa akwai tabarma, a kan tabarmar akwai zani a ninke, an yi masa ɗan gurbi a tsakiya daidai kan jariri. Azarar ta danne gurbin ya shige cikin ƙasa.

“Nan na kwantar da ita,” in ji Inna Gumsu.

Istifanus ya tsaya yana kallon wurin. Sannan ya zauna a cikin taɓon, ya ɗora hannu biyu a ka.