Garin Lamba Goma Sha Bakwai

Ina jin kunyar wanke-wanke. Da wannan 'yar kunyar tawa na ɓata ilimin Faransi.

A ƙarshen yaƙin Jamus man gazuwal na manyan motoci ya yi wuya a Magariya, kamiyon kumandan ya zauna har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Sai aka aiko mana wani masani daga Dakar, Mushe Duval, wai zai mai da man gyaɗa man mota. Ni aka ba shi, saboda na yi shekara biyu a lakwal, makarantar nasara, a Damagaram. Kumandan ya ce in aikin ya yi kyau zai ba ni takarda ta fid da ni daga aikin tilas. In bai yi ba, aikin hanyar Dungas na jirana da kwandon ƙasa. Na taɓa ɗaukar kwandon nan, har yanzu wuyana bai yafe mini ba.

Mushe na da kwalabe arba'in na gari iri-iri, kowace da lambarta. Yana haɗa man gyaɗa da barasa, ya barbaɗa gari ɗaya, ya dafa. Ya ce gari yake nema wanda zai sa su haɗu su ba da mai tsinkakke kawai, ba dagwalo ba, shi kuma garin ya fita yadda ya shiga.

Na ce, "Mushe, ai dillali kake nema."

Ya rubuta wannan ma a littafinsa.

Aikina wankin kwalaben dahuwa. Daga lamba ɗaya zuwa sha shida ni na wanke a bakin rijiyar bariki, mata na kallo. Laraba mai fura ba ta wucewa sai ta ce, "Sannu da aiki, amaryar nasara! Yaushe za a fara daka?" Duk sha shidan dagwalo suka ba mu.

Ran na sha bakwai na cusa kwalaben a buhu na kai wa matata Ɗela. Washegari mai ya fito garau, ya rabu da gurɓinsa. Mushe ya rungume ni, abin da ko ubana bai taɓa yi ba. Aka sake, ya fito. Aka sake. Bai koma kan sauran garin ba, ya ce ilimi gaba yake tafiya.

Wata rana Ɗela ta tafi bikin suna a Kwaya, na wanke da kaina a ɓoye. Dagwalo. Mushe ya ɗora laifin a kan zafin rana.

Da ta dawo na ce, "Ke, da me kike wanke kwalaben nan?"

"Da me ake wanke maiƙo, Malam? Tokar karan gero."

"Kina ɗauraya?"

"Da wane ruwan? Kai ne kake jawo mini? Sau ɗaya nake yi, ya ishe su."

Na zauna.

"To sai ka gaya masa tokata ce," in ji ta.

"In ce masa mata nake kai wa kayan ilimi? Gobe ina Dungas."

"Ashe har nasara ma a murhuna yake ci."

Ban gaya masa ba, ita kuma ta ci gaba da wanki. Mushe ya rubuta shafi sittin a kan garin lamba goma sha bakwai, da zanen yadda yake kama mai ta nan ya saki ta can. Kamiyon kumandan ya tashi, ya zagaya kasuwa yana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Mushe ya kwashi garinsa ya tafi nuna wa manyansa a Dakar. Bai tafi da Ɗela ba. Na ji an ce shekara uku yana ɗora laifi a kan iskar teku.

Ni dai na samu takardata, da hatimi biyu. Na kai wa baduku ya ɗinke mini ita kamar laya.

Bayan wata uku aka soke aikin tilas ga kowa da kowa.