Sandar Madugu a Souq Waqif

A kan rufin bene abin ya fara, kuma Bawah ne ya fara shi. Wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba.

Shekarar korona ce. An rufe Souq Waqif, tsohuwar kasuwar Doha, ba mai saye ba mai sayarwa, baron da Bawah yake tura kayan mutane da shi an ɗaure shi da sarƙa a wani lungu. Su shida ne a ɗaki ɗaya a wani tsohon gini bayan unguwar Mushairib, duk 'yan Zongon Kumasi, duk 'yan dako. Zama ya ishe su har sun fara faɗa a kan wanda ya bar tukunya a buɗe. Wata safiya Bawah ya hau rufi, ya naɗe tsohon zane ya yi gammo, ya cika buhu da yashin da magina suka bari, ya yi masa ɗaurin huhun goro irin wanda kakansa ya koya masa. Ya ɗora a ka, ya shiga kai da komowa tsakanin tankunan ruwa, hannu biyu a sake.

Fatawu, abokin ɗakinsa, ya leƙo ya ce, "Yaya, ina zuwa haka?"

"Kano. Daga Salaga na taso."

"To a gaida su. In ka dawo ka taho da ƙuli-ƙuli."

Kafin sati ya zagayo, su shidan duk suna kan rufi da kaya a ka, Bawah yana gaya musu yadda fatake suke jeruwa, da waƙar da ake yi in an hango zango. Fatawu ya ɗauka a waya ya tura wa wata ƙanwarsa, ita kuma ta tura wa duniya. A haka hoton ya faɗa hannun Injiniya Ɗayyabu.

Ɗayyabu Bakano ne, yana aiki a wani kamfanin gas, yana zaune a unguwar Al-Sadd. Mutum ne mai gilashin ido da magana a hankali, irin maganar da take sa Bawah ya ji kamar ana shafa masa mai a wuya. Wata ɗaya bai cika ba sai ga ƙungiya: Ƙungiyar Ayarin Gwanja, da tambari, da dokoki a rubuce. Za a riƙa kwaikwayon fataken goro na shekara ɗari biyar da suka wuce. Saƙi, fata, ƙwarya. Ba roba, ba agogo, ba waya a hannu. Likitoci da malaman jami'a suka shiga. Direbobi da ma'aikatan jinya na garin Wakra suka buɗe nasu reshen. Da aka zo jera rassa, Al-Sadd ya zama na ɗaya, Souq na biyu, Wakra na uku. Kuma reshe na ɗaya shi yake ba da madugu, shugaban ayari, mai riƙe sanda.

Na biyu. Shekara biyu Bawah yana kwana yana tashi da wannan kalma.

Komai na 'yan Al-Sadd ƙona masa rai yake yi. Saƙinsu daga Kano aka aiko, rinin shuni na gaske, nasa kuwa a wurin wani tela Bangali ya harhaɗa. Takalmansu na fata sababbi, har suna kuka. Huhunan da suke ɗauka soson katifa ne a ciki, kowa ya sani, amma su ake tafa wa. Duk baƙon da ya zo kallo hannun Injiniya yake nema. Lokacin da Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar kofin duniya, Bawah ya bugo wa Ɗayyabu waya washegari da sassafe, ya shirya tsiya har kala uku.

Ɗayyabu ya riga shi: "Malam Bawah, barka! Wallahi kun fi mu. Yanzu ku ne namu a Doha, duk ku za mu bi."

Bawah ya kashe wayar. Ranar ko abincin rana bai ji daɗinsa ba.

A watan Oktoba aka kira taro a falon Dakta Safiyyatu, malamar jami'a, wadda aka ɗora wa rubuta tarihin rassan ƙungiya. An ba su izinin yin ayari daga Mushairib zuwa Souq a kwanakin gasar kofin duniya, kuma za a buga littafin tarihin a farkon sabuwar shekara da hotunan wannan ayari. Ta fara karanta shafin farko: "An kafa reshe na farko a Al-Sadd, a watan Yuni..."

"Ƙarya ne," in ji Bawah.

Wani likita ya ajiye kofin shayinsa.

"Dakta, ki gafarce ni, ba ke nake nufi ba, takardar nake nufi. A watan Yuni mu mun yi wata biyu muna tafiya. Wa ya koya wa wannan bawan Allah, Injiniya, naɗa gammo? Ranar da ya fara, kamar mai naɗa wa jariri tsumma. Ku kuna da injin buga takarda, mu muna da wuya. Shi ke nan sai takarda ta zama uwa?"

Fatawu ya miƙa wa Dakta wayarsa. Ta duba kwanan watan da ke jikin hoton farko, ta cire gilashi ta sake dubawa. Afrilu.

Bawah ya gyara zama yana jiran musu. Ya zo da shaidu huɗu, ya bar su a ƙasa wurin mai gadi.

Ɗayyabu ya miƙe, ya ɗauko sandar madugu daga inda ya jingine ta, doguwa, mai kai na tagulla, ya riƙo ta da hannu biyu. Ya ce, "Gaskiyarsa ce. Ni lambobi kawai na sa don tsari, ban yi tunani ba. Souq ne na ɗaya. Malam Bawah, ga amanarka. Da ka faɗa tun bara, da tun bara ka karɓa."

Aka yi ta tafi. Bawah ya lura da kyau: Ɗayyabu ake kallo ana tafin. Wata 'yar Wakra har cewa ta yi, "Kai, Injiniya akwai girma." Bawah ya fito da sanda a hannu, ya tarar da shaidunsa, ya ce musu khalas, an gama, su tafi gida. A cikin jirgin ƙasa Fatawu ya ce, "Yaya, ka ci nasara kana ɗaure fuska?"

"Ko musu bai yi ba," in ji Bawah. "Ka ga rainin wayo?"

Ranar ayari ta faɗo washegarin da Ghana ta ci Koriya. Bayan la'asar dandalin Mushairib ya cika maƙil, 'yan Mesiko da manyan huluna, 'yan Maroko, 'yan Senegal da ganguna, tutar Ghana ko'ina. Bawah ya sa rawani, ya rataya laya, ya riƙe sanda, ya wuce gaba ya tsaya.

Dakta Safiyyatu ta zo da takardarta. "Malam Bawah, baya."

"Wane baya?"

"Madugu a ƙarshen ayari yake tafiya, ba ya ɗaukar kaya, yana lura kada a bar kowa. Doka ta tara."

"Wane marar aikin yi ne ya kawo wannan dokar?"

"Kai ne. Bara. Ka ce haka kakanka ya gaya maka."

Haka ne kuwa. Bara, da aka yi ƙaramin ayari a bakin teku, Bawah ya kafe cewa madugu baya yake tafiya, don kawai kada Ɗayyabu ya fito a hoto. Kakansa bai taɓa gaya masa haka ba. Ɗayyabu bai yi musu ba ranar ma, ya rubuta ya koma baya. Bawah ya buɗe baki zai ce wasa yake yi, ya ga 'yan reshensa suna kallonsa, ya rufe. Ya juya ya bi jerin mutum arba'in har ƙarshe, ya tsaya bayan wata mai ɗauke da ƙore.

Aka ɗaga. Daga inda yake ba abin da yake gani sai ƙeyar mutane. Amma yana ji. Can gaba ihu yake tashi, ana tafi, ana fito. Ya ɗaga ƙafa ya leƙa. Ɗayyabu ne a gaba da huhu a ka, ya cire gilashi saboda doka, yana lalube da ƙafa, ya dafe kayan da hannu biyu kamar za a ƙwace. Wayoyi sun fi ɗari a kansa. Wata Baturiya ta ja ɗanta ta tsayar da shi kusa da shi don hoto. A baya kuwa, wani Balarabe ya zo ya tambayi Bawah ko shi ne mai gadin waɗannan mutane, yana neman hanyar tasha.

Ya daure har suka fita daga inuwar gine-ginen Mushairib. Da ya ji 'yan Ghana, 'yan garinsu, sun fara wa Ɗayyabu kiɗa, sai ya ratsa jerin da kafaɗa.

"Injiniya, riƙe min nan."

"Malam Bawah, ai madugu ba ya..."

"Riƙe! Kana kunyata kakannin mutane. Wa ya ce maka ana dafe huhu?"

Ya cusa masa sandar a hannu, ya fizge huhun. Soso. Da yatsa biyu ya ɗaga shi ya nuna wa jama'a, ya juya ga Fatawu. "Sauke naka." Na Fatawu yashi ne, nauyin mutum. Bawah ya warware rawaninsa ya naɗa gammo a tsaye, aka ɗora masa na yashin, ya sa aka ɗora na sosan a sama. Ya saki hannu. "Yalla, mu je!"

Abin da ya yi ranar, waɗanda suka gani har yau suna faɗa. Ya yi tafiyar fatake, gajeren taku mai sauri, wuya a miƙe, kaya ko motsi. Ya juya a kan ƙafa ɗaya. Ya durƙusa ya tsinci hular wani ya miƙa masa. Ya ɗauko waƙar hango zango, 'yan Souq suka amsa, 'yan Senegal suka kawo ganguna suka shiga. Jama'a suka yi masa zobe har ayarin ya rabu biyu, aka wuce aka bar shi a tsakiya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar kaya a garin nan, ba wanda ya taɓa kallon fuskarsa sai ranar.

A bakin Souq an shimfiɗa tabarmi. Alhaji Aminu, dattijon reshen Wakra, shi ne ya fito a mai masauki. Da ayari ya iso ya ɗaga murya kamar yadda aka tsara: "Ayarin wa ke nan? Madugu ya matso ya sha ruwa!"

Ɗayyabu yana waige-waige. Ya tura Fatawu ya kira Bawah, shi da kansa ya ɗaga sandar sama yana kaɗawa ko zai gani. Fatawu ya kutsa cikin zoben da ƙyar.

"Yaya, ana kiran madugu!"

"Su jira."

"Yaya, ƙwaryar ruwa tana hannun Alhaji!"

"Na ce su jira! Ba ka ga mutanen nan daga Ajantina suka zo ba?"

Alhaji ya kira sau uku. Masu kula da hanya suka ce saura minti biyu a buɗe wa jama'a wuri. Alhaji ya dubi wanda ke riƙe da sanda, ya miƙa masa ƙwarya. Ɗayyabu ya ce ba tasa ba ce. Alhaji ya ce shi bai san wannan ba, hannunsa ya gaji. Ɗayyabu ya sha. Lokacin da Bawah ya iso, jiƙe da gumi yana dariya, ana naɗe tabarmi.

Littafin ya fito a watan Janairu. Fatawu ne ya kawo shi Souq, ya sami Bawah zaune a kan baronsa yana jiran mai kaya.

"Karanta min. Farko."

"Reshe na ɗaya: Souq Waqif. An kafa shi a Afrilu, a kan rufin bene, a hannun Malam Bawah."

Bawah ya gyaɗa kai. "Ci gaba."

"Madugun da ya shigar da babban ayari zango a shekarar gasa..." Fatawu ya yi tari. "Yaya, akwai hotonka. Shafi guda cur. Duba wuyan nan."

"Na ce ka ci gaba."

"Injiniya Ɗayyabu, reshen Al-Sadd."

Bawah ya karɓi littafin. Ga shi nan da huhu biyu a ka, baki a buɗe, jama'a kewaye da shi. A ɗaya shafin ga Ɗayyabu da sanda a hannun hagu, ƙwarya a baki. Ya daɗe yana kallon na Ɗayyabun.

"Dakta ta ce Injiniya ya je har ofishinta ya roƙa a cire sunansa a sa naka," in ji Fatawu. "Ta ce ita abin da ya faru take rubutawa."

"Ya roƙa?"

"Sau biyu."

"Kuma kowa ya ji cewa ya roƙa?"

"Duk rassa uku sun ji."

Bawah ya rufe littafin ya cusa shi ƙarƙashin buhun da ke cikin baro. Wata mata ta fito daga shagon kayan yaji da jakunkuna tana ɗaga masa hannu. Ya miƙe ya kama baron.

"Mutumin nan," in ji shi, "ba zai bar ni in huta ba."