Kanwa a Lofen Babandi

Tun a zuƙar farko tari ya sarƙe Babandi. Tsohon ya dafe ƙirji, lofe na rawa a hannunsa, hawaye na bin gemunsa, har hularsa ta faɗo kan tabarma.

"Ruwa! A kawo ruwa!" in ji Ɗanmusa, babban ɗansa, yana bubbuga masa baya. Ya juyo ya harari mai gidan. "Baba Mala, taba ka haɗa ko guba?"

Mala na zaune a zaurensa gaban tukunyar da ya tono da safen nan, gwiwa na ciwo, baya na ciwo. Damina guda ya yi a sunkuye yana tsince tsutsa daga ganyen nan. Ya shanya a inuwa, ya yanka siriri, ya yayyafa zuma da ɗan kanumfari, ya toshe bakin tukunya da laka ya binne, yadda ubansa ya zo da haɗin daga Barno.

Fadamar da yake shuka tabar, can bakin rafi ta hanyar Doma, ba tasa ba ce. Ta gidan Babandi ce, Gwandaran da kakanninsa suka sare dajin. Sharaɗin aron ɗaya ne tun zamanin iyayensu: kowace shekara lofen farko na mai ƙasa ne. In ya sha har tabar ta zama toka, aro ya zarce. In ya kife lofe da saura a ciki, fadama ta koma gida. Ɗanmusa kuwa ya daɗe yana kwaɗayin wurin don ya dasa rake.

Mala ya miƙe da ƙyar ya nufi ƙofar cikin gida. Matarsa Fanna na tsaye bayan zana da ƙwaryar ruwa.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "ko kanwar ce?"

"Wace kanwa?"

Tun zazzaɓin bara hancin Mala ya mutu. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, tuwo da ƙasa duk ɗaya a bakinsa. Ba wanda ya sani sai Fanna. Shi ya sa ranar toshe tukunya ya ce ta ɗanɗana masa, shi ya tafi kwaɓa laka. Ita kuwa ba ta taɓa zuƙar lofe ba. Tabar gari ta sani, wadda tsofaffin gidansu ke sawa a baki.

"Na sa a harshe na ji ta lami, ba ta cizo. Sai na daka kanwa na zuba, yadda muke yi wa tamu."

"Kaɗan?"

Ta buɗe masa tafin hannunta duka biyu.

Ya nemi fushi a jikinsa bai samu ba. Gajiya ce kawai, tun daga wuya har tafin ƙafa. "Ta ci daban, ta sha daban, Fanna," ya ce, ya karɓi ƙwaryar ya koma.

Babandi ya kurɓi ruwa, ya yi ajiyar zuciya. Lofen na nan a hannunsa, hayaƙi na fita siriri.

"Kife shi, Baba," in ji Ɗanmusa. "Wa zai ga laifinka? Ji wani ƙauri ma da ke tashi! Har tsumma aka yanka a ciki?"

Ƙaurin ba daga lofe yake ba. Garwashin da aka kunna tabar da shi ne ya gangaro sa'ad da ake ta bubbuga baya, Mala ya dawo ya zauna dab da shi. Gefen rigarsa na ci a hankali, hayaƙin na bi ta ƙarƙashin hancinsa, shi kuwa ya zuba wa tukunya ido bai ko motsa ba.

Babandi ya dubi rigar, ya dubi fuskar Mala, ya daɗe yana dubawa. Sai ya jawo takalminsa kamar mai gyara zama, ya danne wurin ya murje.

"Babarbare," ya ce, muryarsa a dushe, "bana ka yi mata ƙarfi."

"Haka ta zo, mai ƙasa."

"To."

Babandi ya mayar da lofe baki.

"Baba!"

"Ɗanmusa, ƙirjinka ne ko nawa?"

Ya zuƙa, ya yi tari, ya share ido, ya sake zuƙa. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Sau da dama wutar ta yi kamar za ta mutu, sai ya ja ta da ƙarfi ta dawo ja. Mala ya kasa kallo, ya sunkuyar da kai yana jin kowane tari kamar a nasa haƙarƙarin. Inuwar ƙofar zaure ta matsa daga bakin tabarma zuwa gindin tukunya kafin tsohon ya kife lofe a tafin hannunsa.

Toka ce zalla, fara fat.

"Ta yi," in ji Babandi. Ya nuna wa ɗansa, ya hure. "Rakenka ya jira."

Ɗanmusa ya yi tsaki ya koma bakin ƙofa. Tsohon ya matso kusa da Mala, warin kanwa na fita daga bakinsa, ko da yake Mala bai ji ba.

"Baɗi, kafin ka toshe tukunya ka aiko a kira ni. Nawa hancin yana da rai. Ƙirjin ne ba zai sake ɗaukar irin wannan ba. Ita kuwa wannan, kai ta daji ka binne, nesa da inda awakina ke kiwo."

Mala ya buɗe baki zai yi godiya, sai hasken ƙofa ya toshe. Wani dogon mutum ne tsaye, da jar hula da faffaɗar ɗamara ta fata, ƙafarsa duk jar ƙasar hanya. Irinsu ba a san su a garin Lafiya ba sai da Nasara suka zo. Bai yi sallama ba.

"Wane ne Mala mai taba? Ni masinjan Bature ne, wanda ya sauka bariki jiya. Taban lofensa ya ƙare. An ce naka ya fi na kowa a garin nan."

Ɗanmusa ya yi murmushi, na farko tun safe. "Ga ta nan a tukunya, ranka ya daɗe. Yanzun nan Baba ya sha ya ce ta yi."

Masinjan ya sunkuya ya rungumi tukunyar, ya nuna Mala da haɓa.

"Kai ma taso, tsoho. Bature ya ce mai haɗin ya zauna gabansa har ya gama sha."