Fuskar Rauda a Gindin Giginyata

Ni Kulsumi, haihuwar Gulma, ban yi boko ba, amma na san wurin zamana in na gan shi. Jikata Salwa ce ke koyon zane da fenti mai maiƙo wurin Malam Taufiq, can Birnin Kebbi. Ya ba ta aikin zana tsohon mashigin Gulma, yadda yake kafin ambaliya ta ci gidajen bakin gulbi. Ba a haife ta ba lokacin. Wa ta nufa? Ni.

Ni na faɗa mata inda kwalekwale ke tsayawa. Ni na faɗa mata rumbun babana na da hular ciyawa, kuma giginyar ta karkata gabas. Gindinta nake kafa tukunya ina turara shinkafa tun ina budurwa. Har kalar hayaƙin sai da na gaya mata.

Da anka kawo zanen Argungu, inda muke zaune yanzu, don nuna wa mutane lokacin bikin kamun kifi, na duba. Ga giginyata. Ga tukunyata. Wadda ke tsugune gabanta kuwa Rauda ce, maƙwabciyata! Rauda da anka auro daga Zauro bayan ruwa ya riga ya cinye mashigin. Ko ƙasar wurin ba ta taɓa takawa ba. Kumatu sumul, babu tsagen Kabawa ko ɗaya.

Mata sunka cika tsakar gidanmu suna cewa, "Kai, Rauda, ashe haka kike da kyau da ƙuruciya!" Ita kuma tana gyara ɗankwali.

Nic ce, "Salwa, ke da Allah, mi na yi miki?"

Tac ce, "Kaka, sau nawa na ce ki zauna in zana ki? Kina zama sai ki tashi korar kaji. Inna Rauda kuwa ta zauna mani shiru."

"Ai ba ta da aikin yi ne! Zama sana'arta ce."

Washegari na hau mota sai Birnin Kebbi, Salwa na bina da zanen. Na iske Malam Taufiq cikin ɗaki mai warin kananzir. Nic ce, "Ɗana, kai ke koya wa yara ɗauke mutum daga wurinsa a dasa baƙo?"

Ya saurare ni har na gama. Yac ce, "Inna, wanga fenti yana karɓar gyara. Tun da ya bushe, ana iya ɗora wata fuska bisa waccan. Amma sai kin zauna, ba motsi."

Munka koma Argungu, na zauna wa Salwa. A tsakar gidana, wuyana na ciwo, kaji na cin shinkafar da na shanya ina kallo. Rauda ta jawo kujera ta zauna gefe.

Tac ce, "Salwa, rage mata wanga ɗaure fuska, kar yara su tsorata."

Ban tanka ba, don in na buɗe baki aikin ya lalace. Ranar na san haƙuri.

Da anka gama, ga ni nan gindin giginyata, tsagena reras a kumatu. Nic ce, "Ita fa, kin kankare ta?"

"A'a, Kaka, tana ƙarƙashin fentin."

To, ta zauna ƙasa, can ya dace da ita. Na rataye zanen a ɗakina.

Sai yau da hantsi rana ta haska shi, na matsa kusa. Hannun da ke riƙe da muciya siriri ne, da zobe, babu tabon ƙuna ko ɗaya. Na dubi nawa. Fuska tawa ce, amma Rauda ke juya mani shinkafa.

Na yafa mayafi, na sauke zanen daga bango, na leƙa ɗakin Salwa.

"Tashi, ɗauko fentinki. Ki ɗaure kajin nan tukuna."