Dutsen Kabarin Auta

Mai sassaƙar dutse ya kashe injinsa, ya zare ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya tsaya yana jiran su gama. Farin dutsen da za a kafa a kabarin Auta yana kwance a kan teburi tsakaninsu. An riga an sassaƙa sunansa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Saura layi ɗaya a ƙasa, kuma a kan layin nan ne Fasto da ƙanwarsa suka fi rabin sa'a suna ja-in-ja.

Ƙanwar ta taho ne kai tsaye daga asibiti, da fararen kayanta na nas a jikinta. Ta ɗaga takardar da ta rubuta layin a kai, ta sake karantawa. "Yana hutawa a hannun Ubangijinsa. Kalma biyar ce kacal, Yaya."

"Ko kalma ɗaya ce, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba," in ji Fasto.

"Wa ya ce maka ƙarya ce? Ka leƙa ne ka gani?"

"Shi da bakinsa ya faɗa. Shekara goma sha biyu yana faɗa."

Wannan kam ba ta iya musawa ba. Auta, ƙaraminsu, mai gyaran wutar lantarki ne. Yana da shekara ashirin da biyu ya ajiye cokali wata rana ana cin abinci, ya gaya musu cewa ya daina zuwa coci, domin ya nemi Allah iya nema bai same shi ba, kuma ba zai riƙa motsa baki yana waƙa don a gan shi ba. Bai yi zagi ba, bai kuma taɓa janye maganar ba. Amma shi ne ya zauna da mahaifiyarsu bayan kowa ya watse. Shi yake yi mata allurar ciwon suga kowace safiya, shi yake yanke mata farce. Wata huɗu da suka wuce wayar lantarki ta ja shi a saman tsani, ya faɗo, ko shurawa bai yi ba.

Ranar jana'iza wani babban mai wa'azi da aka gayyato ya nuna akwatin da yatsa, ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fasto yana zaune a bayansa, bai ce uffan ba. Tun ranar Mama ba ta sake taka ƙofar coci ba.

"Bari in tambaye ka," in ji ƙanwar. Ta sauke murya. "A ɗakin da nake aiki, in ciwo ya ci ƙarfin mutum ya fara ihu, minti goma ba na iya jurewa. Ni da nake mai zunubi, shi kuma ban ma san shi ba. Kai kana gaya mini cewa wanda ya halicci tausayin da kansa zai saurari ihun Auta a cikin wuta shekara dubu, dubu sau dubu, kuma bayan nan ba a ma fara ba?"

"Allah ba ya tura kowa. An miƙa masa hannu, ya ƙi. Ƙauna ba ta dole. So kike a ɗaure mutum da igiya a ja shi inda ya ce ba ya so?"

"Ranar da Auta ya ruga kan titi yana shekara biyar, wa ya fizgo shi har rigarsa ta yage? Ka tsaya ka tambaye shi ko yana so?"

Fasto yana da amsa. Ya koyar da ita a aji, ya yi wa'azinta a gaban ɗaruruwan mutane: tsarkin Allah, nauyin zunubi, adalcin da ba ya karɓar hanci. Amma a cikin shagon nan, da ƙurar dutse a kan takalmansa, sai ya juya ya kalli farin dutsen maimakon ya faɗe ta.

Mai sassaƙar ya yi gyaran murya. "Ranku ya daɗe, dutse ba ya karɓar gyara. Ku je ku daidaita, ni ina nan."

Washegari Fasto ya tafi wajen tsohon malaminsa, wanda ya koyar da shi a makarantar fastoci. Ya tarar da shi a baranda yana ɓare lemo, idanunsa sun yi fari da tsufa. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai.

Tsohon ya daɗe yana tauna kafin ya yi magana. "Masu bi sun daɗe suna wannan gardama, ba a kanku aka fara ba. Wasu sun ce wutar lahira ba ta ƙarewa, wanda ke cikinta kuma yana ji. Wasu sun ce tana cinye mutum ne ya ƙare, kamar itace ya zama toka. Wasu kuma sun ce wutar maƙera ce, tana ƙone tsatsa ta bar ƙarfe, a ƙarshe kowa ya komo gida. Kowannensu da ayoyinsa a hannu."

"Na san wannan, Baba. Kai ka koya mana. Wanne ne gaskiya?"

"Da ina shekarunka, na farkon, ba tare da ƙyafta ido ba. Yau ma yana nan a rubuce, ban isa in kankare shi ba. Na dai daina ɗaga murya in ina faɗarsa."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ba amsa ba ce," tsohon ya yarda.

Ran Fasto ya ɓaci. "Na taɓa rubuta 'wataƙila' a jarrabawarka kan wannan tambayar. Ka ja mata jan layi, ka rage mini maki biyar. Ka ce makiyayi ba ya cewa wataƙila."

"Na tuna." Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Wataƙila na yi kuskure."

Ya miƙo masa ɓarin lemo. Fasto bai karɓa ba. Ya yi sallama ya fito, ya zauna a cikin mota ya daɗe bai tayar da ita ba. In ya yarda a rubuta kalmomin, gobe wani dattijon ikilisiya zai tsaya a makabarta ya karanta, ya ce ashe wutar ta 'yan'uwan wasu ce, ban da na Fasto. Kuma ba dattawan ne kawai ba: shi kansa ya gaskata abin da yake wa'azi. In kuwa ya ƙi, ya san fuskar da zai tarar a gida. Gaba kura, baya sayaki.

Ya ƙi. Aka kafa dutsen ranar Asabar da suna da shekaru, ƙasansa fili. Ƙanwar ta zo, ta tsaya can gefe, da aka gama ta tari tasi ta tafi. Ya kira ta sau shida a makon, ba ta ɗauka ba. Ranar Lahadi kuma dattawa biyu suka tare shi a bakin ofis suka riƙe hannunsa, suka ce sun ji abin da ya yi, irinsa ake nema a wannan zamani. Ya yi godiya, ya shiga ofis ya rufe ƙofa. Da zaginsa suka yi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar Laraba da hantsi ya je wajen Mama. Yanzu maƙwabciya ce take yi mata allurar, ranar kuma ta yi tafiya. Ya tarar da ita a falo tana ninke wanki. Ya yi mata allurar da kansa, hannunsa bai saba ba, sai da ya soka sau biyu. Ba ta ko motsa ba.

"Sannu, Mama."

"Zauna, Fasto." Haka take kiransa tun ranar da aka naɗa shi. "Ban je an kafa dutsen ba, ƙafa ta hana. Na ji ba ku rubuta komai ba. Ba wannan ya dame ni ba, Auta ba zai karanta ba. Tambaya nake da ita, kuma ba ɗana nake tambaya ba, fasto nake tambaya."

"Ina ji."

"In na mutu aka karɓe ni, zan san inda yake?"

Ya sunkuyar da kai. "An yi mana alkawari cewa a can babu kuka, babu baƙin ciki."

"Na san alkawarin, na riga ka saninsa. Ta yaya za a yi shi nake tambaya. Ko dai ina sane yana ƙuna ni kuma ina waƙa, ko kuma a goge mini shi, in manta na taɓa haifarsa. In na farkon ne, to an mai da ni dutse. In na biyun ne, wadda ta shiga ɗin ba ni ba ce, wata mata ce mai 'ya'ya biyu."

"Mama, tunaninmu a can ba irin na nan ba ne. Za mu ga adalcin Allah a fili, mu yarda da shi."

"In yarda." Ta shafa rigar da ke cinyarta. "Shekara hamsin da ɗaya ina share cocin nan ran Asabar. Ban taɓa tambayar komai ba. Da babanku ya rasu na ce Ubangiji ya bayar, ya karɓa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni da nake ƙura ban iya ba. Shi Allah ya iya?"

"Ban sani ba, Mama."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Shekara goma sha tara yana wa'azi a kan bagade, bai taɓa faɗa wa wani mai bi haka ba. Ya jira ya ji sauƙi, bai ji ba. Haushi ne ya cika shi: haushin tsohon malaminsa, haushin mai wa'azin jana'iza, haushin Auta da ya ƙi yin ko ƙaryar da za ta hutar da kowa.

Mama ta dafa hannun kujera, ta zame a hankali har gwiwoyinta suka taɓa ƙasa. Ya yunƙura zai ɗaga ta, ta ture hannunsa.

"Yi masa addu'a."

"Mama, kin san ba ma yi wa matattu addu'a. Bayan mutuwa sai shari'a."

"Na sani. Durƙusa."

Ya durƙusa. Ta kama hannayensa biyu ta rufe ido. A waje wani yana buga ƙusa a katako, rediyon maƙwabta yana ba da labarin ƙwallo.

"Ya Uba," in ji Fasto.

Ya tsaya. Duk jimlar da ta zo masa, ko dai ta saɓa wa abin da ya gaskata, ko ta soki matar da ke riƙe da shi. Ya sake cewa, "Ya Uba." Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku, gwiwoyinsa suka fara ciwo a kan siminti, bai ƙara ko kalma ba.

Mama ta matse hannunsa.

"Amin," ta ce. "Ɗaga ni, ƙafata ta mutu."